Isiyaku Mai Sanyi da Numfashin Tsohuwar Jif

A wannan watan ne aka cika shekara bakwai da rasuwar aminina Malam Isiyaku, wanda mutanen Badarawa suka fi sani da Isiyaku Mai Sanyi, mai gyaran iyakwandishan na motoci. Allah ya jiƙansa da rahama. A shekaru shidan da suka wuce, idan wannan wata ya kama, abin da nake yi bai wuce in je in gaida iyalinsa, mu yi masa addu'a, in komo gidana a Malali in ja bakina in yi shiru ba. Bana kuwa shiru ya gagare ni. Wani abu ya faru a makon jiya wanda ya sa ni, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, na tsaya a gefen hanyar Zariya ina tafi kamar ɗalibin da aka ce ya zo na ɗaya. Maiɗakina, Hajiya Ladi, ta ce rabonta da ganina cikin irin wannan murna tun ranar da aka haifi 'yarmu ta fari. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina kuma roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ni, domin labarin yana da sashen da ba zai ƙara mini daraja ba.

Wajibi ne in fara da bayanin irin ginin da aka yi mini, in ba haka ba laifin da zan faɗa ba zai fahimtu ba. A makarantar mishan na yi karatun farko, a zamanin da ɗigon tawada guda ke sa a mayar da yaro ya sake rubuta shafi tun daga sama. Malaminmu na rubutu da rula yake auna gefen takarda. Ƙararrawa takan buga a kan minti, ba kusa da minti ba. A can aka dasa mini imanin cewa aiki nagari shi ne wanda ya miƙe santal daga farkonsa har ƙarshensa, kuma duk abin da ke tafiya yana tsayawa, yana sake tashi, to akwai aibu a cikinsa. Da wannan imani na yi shekara talatin ina aikin duba makarantu, jan alƙalami a aljihun gaba. Saboda haka ne Isiyaku bai taɓa kirana da sunana ba. Sufeto yake ce mini, ko a gaban jama'a, ko mu biyu.

Shi kuwa ko firamare bai ƙarasa ba. Da gyaran firji ya fara a Rafin Guza, daga baya ya koma kan motoci, ya buɗe gareji a Badarawa ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Amma ban taɓa shiga wani aji da aka fi tsari kamar wannan garejin ba. Ƙa'idarsa ta farko ita ce ba ya taɓa tulun gas sai ya saurari mota. Idan mutum ya zo yana cewa, kamar yadda kowa ke cewa, a ƙara masa gas sanyi ya ragu, sai Isiyaku ya ba shi benci ya fara yi masa tambayoyi kamar likita. Yaushe abin ke farawa, da tayar da mota ko sai an yi nisa? Iskar ce ke yin ɗumi, ko ƙarfinta ne ke raguwa alhali fanka na ta ƙugi? Idan an tsaya an kashe mota, ruwa na kwarara a ƙarƙashinta fiye da yadda aka saba? Sannan ya shiga motar, ya rufe ƙofofi, ya kwance agogon hannunsa ya ɗora a kan dashbod, ya runtse ido. Mai mota na ta tsaki a waje, shi yana ciki yana ƙirga.

Abin da yake ƙirgawa shi ne ƙarar kwamfuresa. Ga wanda bai sani ba, kwamfuresa ita ce famfon da ke tura gas ya zagaya, kuma a motoci irin tawa takan kama aiki da wata 'yar ƙara, ƙas, ta yi aiki na ɗan lokaci, ta saki, sannan ta sake kamawa. Isiyaku ya yi mini bayanin dalili ya fi sau goma. A bayan dashbod akwai wata saƙar ƙarfe wadda gas ke sanyaya ta, iskar fanka kuma ta ratsa ta cikinta ta fito da sanyi. Raɓa na taruwa a jikin wannan saƙa. A cikinta aka soke wata 'yar aba mai kama da tsinken sakace, masu sana'a na ce mata sensa, aikinta kawai ta ji sanyi. Da saƙar ta kusa daskarewa, sai sensa ta sa kwamfuresa ta saki, raɓar ta gangara ta fice ta bututu. Idan babu mai cewa a saki, raɓar sai ta zama ƙanƙara, ƙanƙara ta toshe hanyar iska, mutum ya zauna cikin zufa alhali a gaban gwiwarsa akwai ƙanƙarar da za ta cika kwano.

Yakan ce akwai numfashi, akwai haki. Idan kwamfuresa ta kama ta yi aikinta a natse, ta huta, ta sake kamawa, numfashi ke nan, lafiya ce. Idan kuwa tana kamawa tana saki kafin mutum ya ƙirga goma, haki ke nan, kuma haki na da dalilai: ko gas ya yi kaɗan, ko an ɗura mata ya wuce kima, ko fankar gaba ta mutu zafi ya taru. Kunnensa kan rarrabe waɗannan tun kafin ya ɗauko geji, wato ma'aunin matsin gas. Gejin shaida ne kawai a wurinsa, ba alƙali ba.

Lokacin da na ajiye aiki, shi ya raka ni muka zaɓo jif ɗin da nake hawa har yau, 'yar Kwatano, ruwan toka. Ya shiga ƙarƙashinta, ya shinshina bututunta, ya saurare ta da agogonsa, sannan ya ce in ɗauka. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa sanyinta sai shi. Amma ni wannan ƙas ɗin ta tsone mini kunne tun daga makon farko. Ina cikin tuƙi, ina sauraron labarai, sai ƙas. In ɗan natsu, sai ƙas. Kuma duk lokacin da ta saki nakan ji kamar sanyin ya ɗan ja baya. A ganina ma'aikaci ne da ke barin teburinsa kowane minti biyu. Na kai ƙara wurinsa ba sau ɗaya ba.

Wata rana na ce masa, "Malam Isiyaku, injin da aka ƙera daidai ba ya aiki yana tsayawa. Ka gyara wannan abu ya miƙe."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Sufeto, kai da kake magana yanzu, ba ka ja numfashi tsakanin jimla da jimla? To bar ta ta ja nata. Ranar da ta daina wannan ƙas ɗin, ranar za ka neme ni da gudu."

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. A shekararsa ta ƙarshe, ciwon da ya zama ajalinsa ya kwantar da shi, garejin ya koma hannun babban ɗansa Nuhu. A cikin waɗannan watanni ne na tsaya wanke mota a wani wuri kusa da Kawo, wani mai gyara da ke gefen wurin ya ji ina gunaguni a kan ƙarar, ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne, sai a yi mata dairek. Duk wanda ya daɗe da mota a garin nan ya san kalmar. Mu mutanen ƙasar zafi mun ɗauka cewa waɗannan 'yan na'urori masu katse sanyi an saka su ne don ƙasashen da ake dusar ƙanƙara, mu nan ba mu da bukatar su. Cikin rabin sa'a ya buɗe bayan aljihun dashbod, ya zare sensa, ya yanke wayoyinta, ya haɗa su da wata dabara tasa, ya naɗe da baƙin salatif. Ina kallo ya jefa sensar a kwata. Na tayar da mota. Shiru, babu ƙas. Sanyi kuwa kamar a ɗakin ajiye kifi. Na koma gida ina jin na ci gardamar shekara biyar.

Bayan mako biyu na ɗauki Isiyaku daga gidansa zuwa asibiti. Ya rame ƙwarai, muryarsa ta dushe. Ya zauna a gaba, ya jingina kai, ya runtse ido, na ɗauka barci yake yi. Sai da muka kusa isa ya buɗe ido, bai dube ni ba, ya ce a hankali, "Sufeto, motarka ta daina numfashi." Na ce masa ai sanyi ya ƙaru. Ya ce, "Haka ne." Na ce a raina idan ya warke zan gaya masa. Bai cika wata guda ba bayan wannan tafiya.

Mai karatu zai tambaya yadda aka yi shekara bakwai abin bai tonu ba. Amsar ita ce tafiyar tsoho gajera ce. Daga Malali zuwa masallacin Juma'a, zuwa kasuwa, zuwa gaisuwar mutuwa a Unguwar Rimi, babu wadda ke kai minti ashirin, ƙanƙara kuwa tana bukatar lokaci kafin ta ginu. Idan tafiya mai nisa ta kama, 'ya'ya ke ɗaukar mu a motocinsu. Har alfahari na riƙa yi wa abokai cewa tsohuwar jif ɗina ta fi sababbin motocinsu sanyi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nawa ya ɗan yi tsawo.

A farkon daminar bana likita ya ce a riƙa kai Hajiya babban asibiti a Zariya kowane mako biyu, saboda ciwon zuciya da ke damunta. Zafi na hana ta numfashi, musamman irin zafin nan mai nauyi da ke zuwa kafin hadari. Na ce ni zan kai ta da kaina, domin ban ga dalilin da zai sa a riƙa ɗauke yara daga wuraren aikinsu ba. Tafiyar farko, mun wuce Rigachikun lafiya, sanyi na ratsa ƙashi. Kafin mu kai Jaji sai na ga wani farin hayaƙi kamar tururi na fitowa ta ƙofofin iska. Daga nan iskar ta fara ja da baya. Na ƙara fanka har ƙarshe, tana ta ruri a bayan dashbod kamar injin niƙa, amma abin da ke fitowa ba zai kaɗa gashin kaza ba. Na sauke gilasai, iskar waje ta shigo kamar daga bakin murhu. Na dubi Hajiya, ta riƙe ƙirji, zufa na bin wuyanta, tana cewa, "Malam, kada ka damu, tuƙa kawai." Da muka isa na kashe mota, kafin mu fito daga wurin likita ruwa ya malale ƙarƙashinta har ya yi hanya. A dawowa abin ya maimaita kansa, kusan a daidai nisan.

Na san inda ya kamata in je. Ban je ba. Idan Nuhu ya buɗe bayan dashbod zai ga baƙin salatif, zai kuma san cewa aminin ubansa ya kai motar wani wuri lokacin da uban ke kwance. Saboda haka na zagaya gareji uku a sassan gari inda ba a san ni ba, kuma ban gaya wa ko ɗaya daga cikinsu abin da na aikata ba. Na farko bai tambaye ni komai ba, ya ƙara gas. Na biyu ya jona kwamfutarsa, ya nuna mini allo ya ce babu laifi ko ɗaya, amma don kore shakka shi ma ya ƙara gas. Daga nan sai sabuwar cuta ta bayyana: idan na shiga cunkoson Kawo da rana, kwamfuresa ta riƙa ƙas, ƙas, ƙas, kamar mai tari. Har na fara murna wai numfashin ya dawo da kansa, sai na tuna da maganar marigayi, na ƙirga, ban kai bakwai ba ta saki. Haki ne. Na uku ya saurari wannan ya yanke hukuncin cewa kwamfuresa ta mutu, sai an sauya ta ɗungurungum.

Tafiya ta biyu ta fi ta farko muni. Kwana biyar da dawowarmu, babbar 'yata Rakiya, wadda ta gaji taurin kaina ba tare da ragi ba, ta same ni a falo ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta ce, "Baba, mun yi shawara da ƙannena. Idan ranar komawa asibiti ta zo motar nan ba ta gyaru ba, Mama ba za ta sake shiga cikinta ba, kuma za mu kira dillali ya ɗauke motar. Ba za mu zuba ido tsohon ƙarfe ya kashe mana uwa ba." Ban yi mata faɗa ba, domin gaskiya ta faɗa. Amma wannan tsohon ƙarfe shi ne abu na ƙarshe da ya rage mini wanda hannun Isiyaku ya taɓa. Kwana tara suka rage. Na kwashe shida ina kai da komo a tsakar gida. A rana ta bakwai da hantsi na tuƙa zuwa Badarawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Darbejiyar na nan, ta ƙara girma. Nuhu yanzu magidanci ne mai shekara arba'in da wani abu, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya taso da sauri ya rusuna, ya ce, "Baba Sufeto, yau kai ne a garejinmu? Ai mun ɗauka ka yi fushi da mu." Ya ba ni benci, wancan bencin dai. Na faɗi alamomin cutar dalla-dalla, har da yawon gareji ukun da na yi, na ɓoye sanadinta. Sai ga tambayoyin ubansa suna fitowa daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya, har da yadda yake karkata kai. Da na ambaci ruwan da ya malale, ya ce ƙanƙara ce, babu tantama, saura a san abin da ke kawo ta. Ya zaro matacin iska na cikin mota ya ɗaga shi sama ya duba, domin idan ya toshe iska ba ta ratsa saƙar da ƙarfi, ita ma hanyar daskarewa ce. Ya same shi da dama-dama. Ya jona geji, ya girgiza kai, ya ce an ɗura wa motar gas kamar ana cika buhu, shi ne ke sa ta haki a cunkoso: matsi na yin yawa, makunnin kariya na katse ta don kada bututu ya fashe. Ya zuƙe abin da ya wuce kima zuwa cikin tulu. Hakin ya tsaya nan take. Kwamfuresar da aka yanke wa hukuncin kisa ta ci gaba da juyawa lafiya lau.

Sannan ya ce in shigo mu zauna. Ya rufe ƙofofi, ya sa fanka a mataki na ɗaya, ya ɗan taka totur. Ya kwance agogon hannunsa ya ɗora a kan dashbod. Na gane agogon, na ubansa ne. A gefensa kuma ya ajiye tasa kwamfutar, wadda ke nuna sanyin saƙar da lamba. Muka zauna minti biyar, goma, ashirin. Babu ƙas. Ya nuna mini lambar da yatsa: tun da muka zauna ba ta motsa ba ko da ɗigo, alhali sanyi na cizon gwiwoyinmu. Ya ce kwamfutar wancan mai gyaran ba ƙarya ta yi ba, motar ce aka koya wa ƙarya, shi kuma bai jira ya ga ko lambar na motsi ba. Ya fita ya ɗaga bonet, ya kira ni. Kakkauran bututun da ke fitowa daga cikin mota ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya ce, "Baba, motar nan ba ta numfashi."

A tsaye a wurin, ƙarƙashin darbejiya, na faɗa masa komai, tun daga wurin wankin mota har sensar da aka jefa a kwata, har maganar da ubansa ya yi mini a hanyar asibiti. Ban rage ba, ban yi wa kaina ado ba. Ina gamawa sai na ga Nuhu yana murmushi, idanunsa kuma sun cika da ƙwalla. Ya ce in jira shi. Ya shiga ɗakin kayan aiki, na ji yana jan wata akwatin ƙarfe, ya fito da wata ambulan mai ruwan ƙasa wadda mai ya ɓata gefenta. A bayanta, da rubutun Isiyaku mai hawa da sauka, an rubuta: "Na Sufeto. A ba shi ranar da ya faɗa da bakinsa." A ciki akwai sabuwar sensa, a ledarta.

Nuhu ya ce washegarin ranar da na kai ubansa asibiti, marigayin ya aike shi kasuwa ya nemo ta, ya rubuta wannan yana kwance, ya ce masa, "Kada ka je masa, kada ka tambaye shi. Yawon cikin gari ba zai cuce shi ba. Mutumin kirki ne, kansa ne kawai ke da tauri. Zai zo." Sannan Nuhu ya ƙara da tasa, wadda ta fi ta uban zafi: "Amma wallahi Baba, da na san Hajiya na shan wannan wahala, da na karya wasiyyar na zo har gida na ƙwace makullin." Na karɓi wannan ma, domin na cancance ta. Na dubi rubutun nan da ba ya bin layi, ni da na yi shekara talatin ina jan layi a ƙarƙashin kuskuren mutane, na duba sama na duba ƙasa, ban sami abin gyarawa ba.

Aikin bai kai sa'a guda ba. Ya warware baƙin salatif, ya mayar da wayoyi mazauninsu, ya soke sensar a cikin saƙar a daidai ramin da ta farko ta bari. Muka sake zama. Lambar ta fara sauka a hankali, tana sauka, tana sauka, sai ƙas! Jama'a, ban san lokacin da na daki dashbod na ce Allahu Akbar ba. Lambar ta ɗan hau, sai ƙas, ta kama. Muka ƙirga tare da agogon marigayi, tazarar na nan daidai, a natse, kamar ƙirjin jariri mai barci. Ƙarar da ta hana ni sakat shekara biyar, ranar nan na ce Nuhu ya kashe rediyon garejin don in ji ta sosai.

Ranar komawa asibiti Rakiya ta ce sai ta bi mu, ta zauna a baya da mafici a hannu da lambar dillali a waya. Muka wuce Rigachikun. Muka doshi Jaji, ina tuƙi ina kasa kunne. Muka wuce inda hayaƙin ya saba fitowa, iska na nan da ƙarfinta. Muka ƙara gaba, muka ƙara. Na waiwaya, Hajiya ta yi barci, mayafi a kafaɗa. Can gaba na kauce gefen hanya, na bar inji na aiki, na ɗaga bonet na dafa kakkauran bututun: sanyi da raɓa, babu ko ɗigon fari. A nan ne na yi tafin da na ambata. Rakiya ta sauke gilashi ta ce, "Baba, mutane na kallonka fa." Na ce su kalla. Ta mayar da wayarta cikin jaka, ba ta sake zancen dillali ba.

Tun daga ranar nake tambayar kaina abin da Isiyaku zai ce da ya ga zamanin nan. Ana sayar da gas a gwangwani a bakin titi kamar maganin sauro, kowa na ɗura wa motarsa da ka. Matasa na kallon gyara a waya su ɗauka sun iya. Nuhu ya gaya mini cewa yawancin sababbin motoci ma kwamfuresarsu ba ta yin ƙas, tana rage ƙarfinta ne a ciki ba tare da ta saki ba, kunne ba ya jin komai. Da farko na ɗauka wannan zai baƙanta masa rai. Amma da na tuna yadda agogonsa da kwamfutar ɗansa suka zauna kafaɗa da kafaɗa a kan dashbod ɗina, kowanne na gaskata ɗan'uwansa, sai na sake ra'ayi. Ba zai ƙi na'ura ba. Zai saye ta, ya sa jikokinsa su koya masa, sannan ya zauna minti ashirin yana kallon lambar, domin abin da ya ƙi a rayuwarsa ba sabon abu ba ne, gaggawa ce. Wanda ya ƙi jira ya saurara, ko kunne gare shi ko kwamfuta, gas zai ƙara.

Me ya rage na Isiyaku bayan shekara bakwai? Bai bar bene ba, bai bar sarauta ba. Ya bar ɗa mai tambaya kafin ya taɓa, kyan ɗa kuwa ya gaji ubansa. Ya bar agogo mai tafiya daidai. Ya bar mini kuma darasin da makarantar mishan ba ta koya mini ba, na cewa akwai tsayawar da ita ce ke riƙe da tafiya, kuma sanyin da ba ya hutawa shi ke toshe kansa. Ya san laifina tun ranar farko, yana da bakin da zai kunyata ni, sai ya zaɓi ya saya mini magani ya ajiye, ya ba ni shekara bakwai in iso da ƙafata. Ni da nake mayar da malami gida saboda lattin minti biyar, ban san akwai mai jira irin wannan ba. Allah ya sanyaya masa makwancinsa kamar yadda ya sanyaya wa bayinsa hanya, ya sa iyalinsa su ga albarkar haƙurinsa.

Ambulan ɗin na cikin aljihun dashbod, inda takardun mota suke. Jiya da muke dawowa daga kasuwa, Hajiya ta ga na rage muryar rediyo, ta ce me nake saurare haka. Na ce ta dakata. Muka kasa kunne mu biyu, har ta yi ƙas. Hajiya ta gyara mayafinta ta ce, "To, ka amsa masa mana. Ai gaishe ka yake yi."